Mira

Mira (suna, mace): tauraruwa ja, ƙatuwa, wadda haskenta ke ƙaruwa yana raguwa cikin kwana kusan 332. Idan ta cika, ido yana ganinta. Idan ta dushe, sai da madubin hangen nesa. David Fabricius ya lura da ita a 1596, Johannes Hevelius kuma ya raɗa mata sunan a 1662, daga Latin, ma'anarsa "abin al'ajabi".

Da sunanta ake kiran duk taurarin da ke yin doguwar kumbura da motsewa irin tata. Suna fesar da iskar gas da ƙura kewaye da su. Haske yana bugun ƙurar ya warwatsu, sai wani ɓangarensa ya riƙa kaɗawa ta fuska ɗaya. Masana kan juya matacin haske gaban madubi, su auna wannan karkata, su gane cewa ƙurar ba ta lulluɓe tauraruwar daidai ta kowane gefe ba.