La Haine: Fim Ɗin Baƙi Da Fari Da Ya Gargaɗi Faransa

Ranar 6 ga watan Afrilu na 1993, a wani ofishin 'yan sanda da ke gunduma ta 18 a birnin Paris, wani sufeto ya ɗora bakin bindiga a kan wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Makomé M'Bowolé, wanda asalin iyayensa mutanen Zaire ne, ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. An kama yaron ne bisa zargin satar taba sigari. Bindigar ta tashi, yaron ya mutu nan take. Ɗan sandan ya ce tsoratar da shi kawai ya yi niyya. A 1996 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara takwas.

Cikin waɗanda suka fito zanga-zanga a kwanakin da suka biyo baya har da wani matashin mai shirya fim, Mathieu Kassovitz, wanda aka haifa a 1967. Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: ta yaya yaro zai tashi da safe lafiya ƙalau, a wayi gari ya mutu a hannun hukuma? Wannan tambaya ce ta haifar da La Haine, wato "Ƙiyayya", fim ɗin da ya fito a ƙarshen watan Mayu na 1995.

Kafin a fahimci fim ɗin, sai an san unguwannin da ya fito daga cikinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta yi fama da ƙarancin gidaje da ƙarancin ma'aikata. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970 gwamnati ta gina manyan rukunonin benaye masu arhar haya a bayan birane, masana'antu kuma suka ɗebo leburori daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Fotugal da ƙasashen Afirka ta Yamma irin su Mali da Senegal. A 1973 aka dakatar da gina irin waɗannan rukunoni, a 1974 aka rufe ƙofar shigowar sababbin ma'aikata, masana'antu suka fara sallamar mutane. Masu hali suka tattara suka bar benayen, aka bar marasa hali. 'Ya'yan leburorin nan a Faransa aka haife su, Faransanci ne harshensu, amma sun tashi ba aiki, ga 'yan sanda suna tare su suna neman katin shaida a ƙofar gidajensu. Tun a Disamban 1986 sunan Malik Oussekine, ɗalibi ɗan shekara 22 da 'yan sanda suka lakaɗa wa duka har ya mutu a Paris, ya zauna a bakin matasan.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan rukunoni, La Noé da ke garin Chanteloup-les-Vignes a arewa maso yammacin Paris, aka ɗauki rabin farko na fim ɗin. Kassovitz da 'yan wasansa sun tare a unguwar tun kafin a kafa kyamara, domin mazauna wurin su saba da su.

Labarin kansa ba shi da tsawo. Abokai uku ne: Vinz Bayahude, wanda Vincent Cassel ya fito a matsayinsa, Hubert, baƙar fata ɗan dambe, wanda Hubert Koundé ya taka, sai Saïd Balarabe mai surutu da barkwanci, wato Saïd Taghmaoui. An kwana ana tarzoma a unguwarsu saboda abokinsu Abdel yana kwance a asibiti rai kwakwai mutu kwakwai bayan ya shiga hannun 'yan sanda. Cikin hargitsin wani ɗan sanda ya yar da bindigarsa, Vinz ya tsinta, ya kuma rantse cewa idan Abdel ya cika sai ya kashe ɗan sanda ɗaya. Daga nan sai mu bi su na kusan awa ashirin, daga unguwa zuwa tsakiyar Paris da dawowa.

Abin da ya bambanta La Haine da sauran finafinan matasan da suka kangare shi ne yadda aka ɗauke shi. Kafin 1995, Bafaranshen da ke zaune a tsakiyar birni ya san waɗannan unguwanni ne ta labaran talabijin: hoto mai kala, kyamara tana rawa, mota tana ci da wuta, samari sun rufe fuska. Kassovitz da mai ɗaukar hotonsa Pierre Aïm sun ɗauki fim ɗin da kala, sannan suka mayar da shi baƙi da fari. Da wannan kaɗai suka raba shi da hoton labaran ƙarfe takwas. Benen da ido ya saba ganinsa a matsayin ƙazanta sai ya koma wuri mai fasali da inuwa, fuskokin samarin kuma suka samu irin martabar da ake ba taurarin tsofaffin finafinai. Akwai wurin da 'yan jarida suka tsaya daga cikin mota suna miƙo kyamara suna tambayar samarin ko da su aka yi ƙone-ƙone, Hubert ya tuna musu cewa nan ba gidan namun daji ba ne. Fim ɗin gaba ɗaya amsa ce ga wannan kallo na daga nesa.

Dabara ta biyu ita ce agogo. Lokaci zuwa lokaci allo yakan yi baƙi, a nuna ƙarfe nawa, ana jin ƙarar tafiyar agogo, tun daga 10:38 na safe. Tsakanin waɗannan lokuta sau da yawa babu abin da ke faruwa: samarin suna zaune a filin wasan yara, wani yana ba da labarin da ba shi da kai ba shi da gindi, ana musu a kan aski. Mai kallo yana ɗanɗana zaman banza irin na wanda ba shi da aiki ba shi da makaranta, amma agogon yana tuna masa cewa akwai bindiga a ƙugun Vinz. Hubert ya ba da labarin mutumin da ya faɗo daga bene mai hawa hamsin, yana wuce kowane hawa yana kwantar wa kansa da hankali cewa har yanzu dai lafiya. Ma'anar ita ce ranar isa ƙasa ake jin jiki, kuma ƙasar Faransa ake nufi.

Kyamarar ma tana bayani. A unguwa tana yawo a sake, tana zagaya samarin, har akwai inda ta fita ta tagar mai kiɗa Cut Killer ta tashi sama bisa rufin benaye. Da suka isa Paris sai hoton ya matse, birnin ya zama baƙon wuri. A can aka tsare Hubert da Saïd a ofishin 'yan sanda ana shaƙe su ana zaginsu, wani sabon ɗan sanda yana zaune yana koyon aiki. Shi kuwa Vinz mun gan shi a gaban madubi yana kwaikwayon Robert De Niro na fim ɗin Taxi Driver, ya mai da yatsunsa bindiga. Nan aka nuna cewa taurin kansa aro ne daga finafinan Amurka. Da ya samu damar harbin wani ɗan wariyar launin fata bayan mutuwar Abdel, hannunsa ya kasa. Girman da ya yi a fim ɗin ke nan: ya gane shi ba makashi ba ne, ya miƙa wa Hubert bindigar da ƙarfe 6:00 na safe. Minti ɗaya bayan haka bindigar wani ɗan sanda ta tashi a kansa bisa kuskure, kamar yadda aka ce ta faru da Makomé. Agogo ya nuna 6:01.

Fim ɗin ya samu karɓuwa nan da nan. Kassovitz ya ci kyautar gwanin darakta a bikin Cannes na 1995, inda 'yan sandan da ke gadi suka juya wa tawagarsa baya don nuna fushi. Kimanin mutum miliyan biyu suka kalle shi a gidajen sinima na Faransa, ya ci kyautar César ta fim mafi kyau a 1996, Firayim Minista Alain Juppé kuma ya sa aka nuna wa ministocinsa.

Masu suka ma suna da hujja. Wasu sun ce kyan hoton ya mai da talauci abin ado, har 'ya'yan masu kuɗi suka riƙa kwaikwayon shigar samarin da salon maganarsu. Wasu sun lura cewa mata ba su da murya a fim ɗin, daga uwa a kicin sai ƙanwar da ake kora. An kuma tuna cewa Kassovitz ɗan gidan masu shirya finafinai ne da ya tashi a Paris, ba ɗan bene ba. Duk gaskiya ne. Sai dai da an ɗauki labarin yadda talabijin ke ɗauka, da ya bi sahun rahotannin da ake mantawa washegari. Kyan hoton ne ya zaunar da mutane sama da awa ɗaya da rabi tare da yaran da suke tsallake titi don guje musu, har suka san sunayensu.

Abin takaicin shi ne tarihi ya gaskata fim ɗin. Ranar 27 ga Oktoban 2005, Zyed Benna ɗan shekara 17 da Bouna Traoré ɗan shekara 15 suka mutu a tashar wutar lantarki a Clichy-sous-Bois suna gudun 'yan sanda. Tarzoma ta ɗauki mako uku, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da dokar 1955 ta zamanin yaƙin Aljeriya. A 2019 Ladj Ly, ɗan asalin Mali da ya tashi a Montfermeil, ya fito da Les Misérables, wannan karon labarin daga bakin ɗan unguwa, ya kuma ci kyautar alƙalai a Cannes. Ranar 27 ga Yunin 2023 ɗan sanda ya harbe Nahel Merzouk, ɗan shekara 17, a Nanterre, hoton bidiyon wayar salula ya ƙaryata bayanin farko da 'yan sanda suka bayar, unguwanni suka sake kamawa da wuta.

La Haine ya ƙare ne Hubert da ɗan sandan suna nuna wa juna bindiga, Saïd yana tsakiya ya runtse ido, sai ƙarar harbi, allo ya yi baƙi. Ba a nuna wanda ya faɗi ba. Shekara talatin tsakanin Makomé da Nahel, kuma dukansu shekarunsu 17.