Tarihin Binciken Ƙwayoyin Metanojin da Inzayim Ɗinsu

Metanojin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu rayuwa inda iskar shaƙa ba ta kaiwa: ƙarƙashin lakar tabki, cikin ramin taki, da tumbin dabbobi masu tuƙa. Yawancinsu haidurojin da iskar kabon suke ci, su fitar da iskar metan mai kama wuta. Wanda ya taɓa kwana kusa da garke a Gidan Rumji, ko ya zauna gefen jar akuyar Maraɗi tana tuƙa a Agye ko Gazawa, ya ji gyatsar da iskar ke fita da ita. Ta nan saniya ke zubar da kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincinta, kuma mai sayen harawa da dusa a ƙarshen rani ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A 1776 ne Alessandro Volta ya zunguri lakar tabkin Maggiore a Italiya da sanda, ya tara kumfar da ta taso, ya kunna mata wuta. Kumfar nan metan ce. An daɗe kafin a iya renon ƙwayoyin da ke fitar da ita, domin iska tana kashe su. Sai da Robert Hungate ya fito da dabarar kiwonsu a rufaffen kwalabe, a 1958 shi da Paul Smith suka ware wani nau'i da ke tumbin saniya. A 1977 Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois a Amurka suka nuna cewa ba bakteriya ba ne, wani reshe ne dabam na halitta, wanda yau ake kira Arkiya.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne yadda suke rayuwa a kan ɗan ƙarfin da suke samu daga abincinsu. Ɗakin binciken Ralph Wolfe a Illinois da na Rolf Thauer a Marburg ta Jamus suka yi ta tsintar amsar ɗaya bayan ɗaya. Inzayim (wato sinadarin da ke gudanar da aiki a cikin ƙwaya) mai sakin metan, MCR, an gano yana ɗauke da ƙarfen nikel, aka kuma ga siffarsa a 1997. Wani mai suna Mtr yana tura sodiyam waje ta fatar ƙwayar, in ya dawo sai ya juya injin da ke haɗa ATP, makamashin kowace halitta.

Duk da haka lissafin bai cika ba. Matakin farko na kama iskar kabon hawa ne mai cin ƙarfi, to daga ina ƙarfin yake zuwa? Thauer da abokan aikinsa sun kawo amsa a 2008, suka tabbatar da ita a 2011: gungun inzayim na Hdr yana raba lantarki biyu, ɗaya ya gangara, nauyinsa ya ɗaga ɗayan, kamar guga biyu a igiya ɗaya. A ganina nan ne binciken ya fi ƙayatarwa. An ga siffar gungun a 2017, a 2021 kuma aka ga siffarsa manne da inzayim na matakin farko, yana miƙa masa lantarki hannu da hannu.

Ƙwayar tana kuma auna halin da take ciki. Wasu nau'o'in suna da MCR iri biyu, suna sauya su gwargwadon yawan haidurojin, in nikel ya yi ƙaranci kuma su koma ga wani inzayim na sarrafa haidurojin da ba ya buƙatarsa.

Daga wannan sani aka haɗa sinadarin 3-NOP mai toshe MCR, wanda Tarayyar Turai ta amince a sa wa shanun madara cikin abinci a 2022. Yana rage metan da kusan kashi 30 cikin ɗari, amma sai dabba ta ci shi kullum, abin da ke da wuya ga garken da ke wuni a daji.