Igiyar Hitchcock: Gawa a Akwati, Falsafa a Baki

A shekarar 1948 Alfred Hitchcock ya fitar da Rope (wato Igiya), fim ɗinsa na farko mai launi, wanda ya ɗauko daga wasan kwaikwayon Patrick Hamilton na 1929. Samari biyu, Brandon da Phillip, sun shaƙe abokinsu David da igiya, suka cusa gawar cikin akwatin katako, suka jera abinci a kansa, sannan suka tarbi baƙi, har da mahaifin mamacin. Hujjarsu wai mai fifikon basira ya fi ƙarfin doka, ra'ayin da suka tsinta a bakin malaminsu Rupert, ana jingina shi ga masanin falsafa Nietzsche. Ba ƙage ba ne zalla, domin da irin wannan tunani wasu samari biyu, Leopold da Loeb, suka kashe yaro Bobby Franks a Shikago cikin 1924.

Hitchcock ya so a ga fim ɗin kamar ba a yanka shi ba. Kyamarar zamanin ba ta wuce kusan minti 10 a ɗauka ɗaya, don haka sai a kai ta bayan kwat ɗin wani, allo ya yi baƙi, a ɓoye haɗin. Bangon ɗakin kan tayoyi yake, ana janye shi kyamara ta wuce, ta taga kuma rana na faɗuwa a kan birnin New York na kwaikwayo. Masu suka na cewa wannan burga ce kawai, shi ma Hitchcock daga baya ya kira shi wasan gwaninta, kuma gaskiya ne wasu haɗe-haɗen ko yaro ya gane su. Amma mai fim ba shi ne alƙalin ƙarshe a kan aikinsa ba. Yankan hoto yana ba mai kallo sararin numfashi, a nan kuwa an hana shi. Rupert, wanda ke cikin baƙin, na zuba zancen halascin kisa cikin raha, akwatin na nan kusa. A dubi inda mai aikin gidan ke kwashe kwanuka daga kansa ɗaya bayan ɗaya, tana shirin buɗe shi, baƙi na hira a gefe ba a ganinsu. Da an yanka wurin, da fargabar ta zube.

Raunin fim ɗin yana ƙarshensa, inda Rupert, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, ya wanke hannunsa da dogon jawabi. Kyamarar ta riga ta kama shi da laifi, jawabin bai fisshe shi ba.