Yauƙin Kuɓewa da Ƙofar da Ta Fi Gashi Siranta

A Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ke rabuwa da titin Kano zuwa Zariya ta nufi Tudun Wada da dajin Falgore, duk wanda ya taɓa tsayawa cin tuwo ya ga yadda ake zuba miyar kuɓewa. Mai tuwo za ta ɗaga ludayi, miyar ta biyo shi kamar igiya, ta ɗan murɗa hannu ta yanke ta a bakin kwano, ragowar kuwa ta ja da baya ta koma tukunya. Zuma ta fi miyar kauri, amma ba ta ja da baya haka. Ashe yauƙi daban, kauri daban.

Abin da ke cikin miyar dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira polima: dubban ƙwayoyin sukari a ɗaure jere kamar carbi. Da Bajamushe Hermann Staudinger ya ce akwai irinsu a 1920, takwarorinsa ca suka yi masa. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel. Karkashi da lalo da ƙaro da sitacin rogo da ledar fiyawota, har da DNA na jikin ɗan Adam, duk dangi ne ta wannan fuska.

Idan ruwa na kwance, zaren ba ya miƙewa. Ƙwayoyin ruwa na ta bugunsa ta ko'ina, sai ya cukurkuɗe ya dunƙule. In aka ja shi ya miƙe, in aka saki ya koma. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin makamarsa: ɗan jiƙon kanwa na sa gaɓoɓin zaren kuɓewa su riƙa ture juna, ya buɗe, yauƙi ya ƙaru, tsami kuwa ya kwantar da shi.

To, me zai faru idan wannan dunƙule ya iso bakin hanyar da ta fi shi ƙanƙanta? Kafin amsa, sai a san ma'aunin: a raba milimita ɗaya gida miliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi na tsakanin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Na DNA kuwa 2 ne kacal. DNA na wata ƙwayar cuta da ake kira lambda, wanda masu bincike suka fi gwaji da shi, tsawonsa ya kai nanomita 16,000 in an miƙar da shi, amma a dunƙule faɗinsa bai kai 2,000 ba.

Hankalin rariya zai ce ƙarami ya wuce, babba ya tsaya. A nan rariya ta yi kuskure, domin tsakuwa ba ta sauya siffa, zare kuwa yana sauyawa. Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya karɓi Nobel a 1991, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa ruwan da ke tattaruwa a bakin kafa yana ƙara gudu yayin da yake kusantarta, don haka gaban zaren ya fi bayansa saurin tafiya, sai ya warware ya zura kai. Abin da ya fi ba ni mamaki a lissafinsu shi ne, ga zare marar rassa, yawan ruwan da ya kamata ya bi ta kafar kafin zaren ya shige bai dogara da tsawonsa ba, bai ma dogara da faɗin kafar ba. Zafi da kaurin ruwan ne ke yanke hukunci. Ƙasa da wannan ma'auni ba ya shiga, sama da shi dogo da gajere duk su wuce.

Da ya shiga, halinsa ya danganta da ƙuncin wurin. In hanyar na da ɗan sarari, yakan zama jerin ƙananan dunƙule. In ta yi ƙunci ƙasa da nanomita 50, wato tsawon da DNA ke iya tafiya kafin ya lanƙwashe, sai ya miƙe yana karo da bango dama da hagu, kamar yadda Theo Odijk na ƙasar Holan ya bayyana a 1983. A shekarar 2000 kuma, Han da Craighead na Jami'ar Cornell a Amurka suka ƙera hanya mai wurare masu zurfi da matsattsu bi da bi, matsattsun ba su wuce nanomita 100 ba. Dogayen DNA ne suka riga gajeru fita, saboda babban dunƙule ya fi samun gefen da zai fara zurawa.

Amfanin abin ya riga ya iso gida. Na'urar MinION, wadda ba ta fi ƙaramar waya girma ba, tana jan DNA da lantarki ta ƙananan kafofin furotin, tana karanta haruffansa daga sauyin ƙarfin wutar. Da ita aka bi sawun Ebola a Gini a 2015, da zazzaɓin Lassa a Irrua ta Jihar Edo a 2018.

A ganina dai, inda batun ya fi shafar yankin Kwanar Dangora, wato Bebeji da Kiru, shi ne ruwan sha. Ruwan da ya daɗe a kwance, irin na dam ɗin Tiga, yana ɗauke da yauƙin gansakuka da na ƙwayoyin halitta, kuma matatan zamani masu kafofi na nanomita 10 zuwa 100 irin wannan yauƙi ne ke fara toshe su. Da ruwa ya rage fita, abin da mai kula da inji zai fara yi shi ne ƙara matsi. Matsin kan danƙare wasu zarurrukan a fuskar matacin su zama ɓawo, wasu kuma ya miƙar da su su bi ta kafar da jiya ta tare su. Ruwan zai fito garau a ido, alhali matacin ya daina riƙe abin da yake riƙewa.