Labarin Aikin Magani a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Kafin zuwan Turawa, kuma har bayan zuwansu da shekaru, wanda ya kwanta ciwo a kudancin ƙasar Katsina ba ya rasa mai dubansa. Wanzami shi ke yin ƙaho da cire beli, maɗori shi ke ɗaure karaya, ungozoma ita ke yanke cibi, malami kuwa ya yi rubutu a wanke a sha. Maguzawan da ke zaune a gidajen gona wajen Malumfashi da Ƙanƙara suna da bokayensu da 'yan borinsu, Filanin daji kuma suna da nasu sassaƙe. Kowa da ƙofar da ya ke ƙwanƙwasawa. Amma in annoba ta sauko, kamar murar shekarar 1918, duk ƙofofin nan ba su tsare kowa ba.

Abin da ya sauya ƙasar shi ne auduga da jirgi. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta nan, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Sai gari ya cika da baƙi: Yarabawa da Ibo ma'aikatan reluwe da na kanti, da 'yan cin rani daga arewa. Inda mutane suka taru kuwa, nan cuta ke samun hanya.

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, En'e ta fara gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai da kuɗin Baitulmali. Ɗaki ne ƙarami, da malamin asibiti guda, da littafin rubuta sunaye. Yana wanke gyambo, yana ba da kwini da maganin tsutsar ciki, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura Katsina ko Zariya. Masu lamba kuma suna bin ƙauyuka saboda agana, da ɗan dogari a bayansu, don sau da yawa uwaye kan ɓoye 'ya'yansu a rumbu in sun ji labarin zuwansu. Kutare aka yi musu mazauni a Babbar Ruga kusa da Katsina, aka danƙa wa 'yan mishan kula da su cikin 1937.

To, a nan akwai abin da ya kamata ma'aikacin En'e ya tsaya ya duba. Haraji kowa ya biya, Bamaguje da Bafilatani da Bahaushe. Amma wa ya sha maganin? Mutumin gari ne, namiji, wanda ƙafarsa ke iya kai shi ƙofar ɗakin. Matar da ke cikin kulle ba ta fita ta tsaya gaban baƙon namiji, ko da naƙuda ta yi mata kwana biyu. Bafilatani ya biya jangali, ana yi wa shanunsa allura tun shi ba a yi masa ba. Bamaguje kuwa gidansa na nesa da gari, da damina rafi ya raba shi da hanya. Ba wata doka da ta hana su, nisa da al'ada ne suka hana, amma wanda ya mutu a hanya bai san bambancin ba.

Sanƙarau shi ne babban abokin gāba. Yakan zo da rani, sa'ad da iska ta bushe, ya ɗauke da saukar ruwan fari. Da can iyakar abin da hukuma ke iyawa shi ne a ware majinyata a bukkoki bayan gari, a hana taro. Sai wajen ƙarshen shekarun 1930 aka sami ƙwayar nan da a ke kira Em-an-bi, mutane suka ga wanda wuyansa ya sanƙare ya tashi ya koma gona. Wannan, da allurar fenisilin da ta biyo baya, su suka jawo wa asibiti amincewar talakawa fiye da duk shelar da sankira ya taɓa yi. Ƙwayar kuturta ta zo cikin shekarun 1950, kuturu ya riƙa karɓa yana zaune a gidansa. Agana kuwa aka yi mata taron dangi daga 1967, ba a sāke ganinta a Nijeriya ba bayan 1970.

Malumfashi ta sami wani rabo na dabam. Asibitinta ya zama reshen asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikin shekarun 1970 kuma likitocin Zariya da na makarantar Libaful ta Ingila suka zauna suna bincike gida gida. Suka tarar tsagiya ta fi kama yara maza masu wanka a madatsun ruwa, irin na Ruwan Sanyi, watau ruwan da aka tare don amfanin noma shi ke raya katantanwar da ke ɗauke da cutar. Suka kuma tarar kumurci ne ya fi saran mutane, yawanci da dare suna barci cikin ɗaki, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa asibiti. Wani Bature masani, Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan yankin, ya lura mutane ba su ɗaukar asibiti kishiyar boka ko malam: su gwada wannan, in bai yi ba su gwada wancan.

Aka rushe En'e cikin 1976, ɗakunan magani suka koma hannun ƙananan hukumomi. Sanƙarau bai tafi tare da ita ba. Cikin 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Aka kawo sabuwar allurar rigakafi Katsina cikin 2011, ta karya irin da ya fi ɓarna, sai ga wani iri ya zama annoba cikin 2017. Daga baya 'yan bindiga suka sa aka rufe waɗansu ƙananan asibitoci wajen Faskari da Sabuwa, majinyatansu suka koma neman mota zuwa Funtuwa.