Diddigen da ke cikin sunan Yakubu

Ko a Kazaure ko a Roni, da wuya a rasa Yakubu a unguwa, amma ba kowa ya san sunan yana da alaƙa da diddige ba. A Ibrananci ana kiran diddige "aƙeb", kalma ce ta jinsin namiji, jam'inta kuma yakan nufi sawun ƙafa. Littafin Farawa 25:26 ya danganta sunan da yadda aka haifi Yakubu riƙe da diddigen abokin tagwaicinsa Isuwa.

Saiwar kalmar baƙaƙe uku ce, ainun, ƙafun, ba'un, kuma Larabci ma yana da ita. Can ta ɗauki ma'anar abin da ke biyo baya, daga nan muka ari "uƙuba", wato horon da ke bin laifi.