Jega: Garin Da Ɗan Abdussalami Ya Kafa

Wannan makon mun sauka Jega.

Yawancinmu ta tagar mota muka san garin, a mahaɗar da hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta gamu da ta Birnin Kabi, a bakin gulbin Zamfara. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa asalinsa yana ɗaure da wutar da ta kunna jihadi.

Labarin ya soma ne daga Gimbana. Can Malam Abdussalami, Ba'are almajirin Shehu Usmanu, ya zauna da jama'arsa bayan sun ƙaurace wa Gobir. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka far wa Gimbana, suka kwashi mutane, suka bi da su ta kusa da Degel. Jama'ar Shehu suka tare su, suka kwance kamammun. Ba a jima ba aka yi hijira zuwa Gudu, a Fabrairun 1804.

Sai dai bayan rasuwar Shehu a 1817, wannan malamin da aka fara zare takobi saboda jama'arsa ya ƙi bin Muhammadu Bello. Yana ganin an tauye shi wajen rabon ƙasa. Aka ci garinsa Kware, shi kuma ya rasu a Bakura a 1818 da raunin yaƙi. Ɗansa Buhari ne ya sasanta da Gwandu, ya kafa Jega wajen 1820. Har gobe sarautar garin Sarkin Kabin Jega ce.

Mu dubi Buhari da idon marubuci. Mutum ne da aka ci garin ubansa, ya kai caffa ga gidan da ya ci shi, sannan ya gina garin da kasuwarsa ta zama zangon fataken goro masu tahowa daga Gwanja. Me ya faɗa wa mabiyan ubansa ranar da ya miƙa wuya? Muna ta kai taurarin littattafanmu Dubai da Abuja, ga wannan a ƙofar gida.

Mai niyyar zuwa, ya ware yini guda don kasuwa da bakin gulbi, ya nemi dattawan gari da ladabi. In ta Tambuwal ya biyo, ya tsaya Aliero ya ga tulin albasa, da masu ɗorin da ake kawo wa karayayyu daga nesa. Maiyama kuwa tana gaba kaɗan, a hanyar Koko.